Yini Guda da Baƙin Hunturu a Bakin Teku

Kowane manomi a ƙasarmu ya san shamuwa. Ran da aka gan ta bisa kukar gari, sai mai gida ya shiga neman iri, ya kai fartanya maƙera, gama ya san damina ta kusa. Amma akwai waɗansu baƙi masu fiffike waɗanda ba su zuwa sai an gama girbi, iskar hunturu ta taso. Mukan gan su a fadama da bakin tafki, 'yan ƙanana masu launin toka, suna kiwo cikin taɓo, ba mu kuwa damu mu tambayi inda suka fito ba.

Mu ma da muke ba ku wannan labari ba mu taɓa damuwa ba, sai a watan Janairun da ya wuce, sa'ad da koyon aikin noman rani ya kai mu huɗu ƙasar Gana. An sauke mu a Ashaiman, kusa da Tema. Ranar hutunmu wani saurayi ɗan zango, wanda yake taimakon masu ƙirgar tsuntsayen ruwa, ya ce mu raka shi bakin teku tun daga asuba har faɗuwar rana. Da fari dariya muka yi. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya ce shi tun yana yaro abu biyu ne ya haɗa shi da tsuntsu, ko kora daga gonar gero, ko kuwa gashi a wuta. Duk da haka muka bi shi.

Asuba a Sakumono

Muka tashi da sauran duhu, muka sha koko da ƙosai a bakin hanya. A can ma kokon Hausa suke ce da shi. Mutanen wurin sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna kukan hunturu, mu kuwa gumi muke yi. Wanda ya san sanyin Jos ko na Potiskum ba zai kira wannan sanyi ba. Hazo dai akwai shi, rana ta fito ja wur bayan ƙarfe shida kamar faifan tagulla.

Sakumono tafki ne na bakin teku, tsakanin Tema da Ankara, babban birnin ƙasar. Rafuffuka suna zuba masa ruwan daɗi daga arewa, ruwan gishiri kuma yana shigo masa ta wata kafa a ƙarƙashin hanyar mota da ta bi gaɓar teku. Da rani ruwan yakan janye ya bar fili na laka mai faɗi. Mu da muka dube shi, laka kawai muka gani. Jagoranmu ya kafa babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ya ce, "Yaya, sa ido nan." Yaya ya sa ido, ya yi shiru, can ya ce, "Kai! Ashe ƙasar motsi take yi."

Abin da muka ɗauka tsakuwa ne, tsuntsaye ne ɗari bisa ɗari. Waɗansu mun san su tun daga gida. Ga zalɓe tsaye shi kaɗai kamar mai jiran bashi, ga belbela tana bin shanun da aka koro kiwo, ga garken kirinjijiya sun taso suna fito. Waɗannan yawancinsu 'yan ƙasa ne. Akwai wani baƙin zalɓe ƙarami wanda ya ba mu dariya ƙwarai. Sai ya taka cikin ruwa, ya buɗe fikafikansa ya rufe kansa da su kamar laima, ya tsaya. 'Yan kifi su ga inuwa su taru, shi kuwa ya cafke. Jagora ya ce a al'adar mutanen Tema wannan tsuntsu na tafkin ne, ba a taɓa shi.

Amma baƙin su ne suka fi yawa, su ne kuma ba mu da sunansu da Hausa. Saboda haka muka yi ta raɗa musu namu. Akwai wata 'yar mitsitsiya, ba ta kai gwara ƙiba ba, nauyinta bai fi gram 30 ba, tana caccakar laka da sauri kamar keken ɗinki. Muka sa mata Tela. A can ƙarshen arewacin Turai da Rasha take yin ƙwai, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Akwai mai dogayen ƙafafu kore-kore da kuka mai ƙarfi sau uku, wadda ita ce ke fara tashi in mutum ya matso, sauran su bi ta. Ita muka ce Mai Gadi. Akwai kuma babba mai ruwan ƙasa, bakinsa dogo ya lanƙwasa kamar lauje, yana zura shi cikin ramin ƙaguwa ya jawo ta. Shi ne Mai Lauje. Masana sun ɗaura wa waɗansu irinsa 'yar na'ura a tsibirin Aislan, suka tarar sukan taso daga can su bi ta bisa teku har Afirka ta Yamma ba su sauka ba ko sau ɗaya, kwana 4 ko 5 suna cikin iska, ba ci ba sha.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, duk yawansu ba su faɗa a kan abinci. Mai gajeren baki yana tsintar abin da ke bisa laka. Mai matsakaici yana tono kaɗan. Mai dogon baki yana kaiwa can ƙasa inda tana take. Mai dogayen ƙafafu kuwa ya shiga ruwa inda sauran ba su iya zuwa. Fili ɗaya ne, kowa da zurfinsa, kamar yadda mukan haɗa gero da wake a kunya ɗaya.

Yadda ake ƙirga

Muka tambaya, ta yaya mutum zai ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Ya ce ba ɗaya ɗaya ake bi ba. Ka ƙirga goma sosai, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sa'an nan ka yi ta auna garken da wannan ma'auni, goma, ashirin, talatin. In garken babba ne ka auna da hamsin ko ɗari. Muka gwada a kan garke ɗaya. Huɗunmu muka kawo lissafi huɗu, dukanmu kuma mun gaza nasa da nisa. Ya ce haka sabon hannu yake, kullum ragewa yake yi. Muna cikin gardama sai wani shaho mai cin kifi ya gilma, shi ma baƙo ne daga Turai, garken duka ya tashi kamar hayaƙi, aka koma farko.

Wannan ƙirga ba wasa ba ce. Tun 1967 ake yin ta kowane watan Janairu, yanzu a ƙasashe fiye da 100, domin a tsakiyar hunturu tsuntsayen sun zauna wuri ɗaya, ba za a ƙirga garke guda sau biyu a ƙasashe biyu ba. Da haka ake gane irin da ke raguwa. In kuwa tsuntsayen wani tafki suka ragu shekara bisa shekara, yawanci alama ce cewa ruwan ya ɓaci, abincin da ke cikin laka ya mutu. Kifi kuma daga wannan laka yake ci.

Baba mai albasa

Wajen ƙarfe goma rana ta yi zafi, muka ratsa ta gefen tafkin inda ake lambu. Muka tarar da wani dattijo yana ban ruwa, mutumin wajen Bawku ne, Hausa a bakinsa kamar ta Kano. Muka gaishe shi, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, ya ajiye bokiti, ya ce mu zauna a inuwar darbejiya. Da ya ji abin da ya kawo mu bai yi dariya ba. Ya nuna mana da hannu wajen arewa da yamma, inda gidajen bulo suka yi layi, waɗansu an gama, waɗansu tubali ne kawai da ƙarafa a tsaye.

Ya ce, "'Ya'yana, sa'ad da na zo nan duk wancan ruwa ne da ciyawa. Da dare motoci suke zuwa su juye jar ƙasa. Gari ya waye ka ga fili, bayan wata guda ka ga katanga. Tsuntsu yana da fiffike, in an kore shi ya tashi. Ni ina za ni da albasa?"

Ku lura, wannan wuri ba a bar shi haka kawai ba mai shi. A 1971 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a garin Ramsar na Iran domin kiyaye fadamu da dausayi. A 1992 Gana ta sa wurare biyar na bakin tekunta a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, watau Keta, Songor, Sakumono, bakin kogin Densu da Muni. A takarda Sakumono hekta 1,364 ne. A ƙasa kuwa gidaje sun cinye babban rabo. Hukuma ta sha kai motocin rusau, har a 2025 ma an rushe waɗansu gine-gine a wurin. Amma rushe katanga ya fi kwashe ƙasar da aka juye sauƙi.

Abin da masu ginin suka manta shi ne, tafkin nan randa ce. In an yi ruwa mai yawa, nan yake taruwa kafin ya sulale teku. In ka cika randa da ƙasa, ruwa ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakin wani. Mun kuma ga rafin da ke shigowa daga cikin gari, baƙi ƙirin, leda da robobi sun toshe shi. Ba za mu ɓoye muku ba, wurin yana wari. Mun yi mamakin yadda tsuntsu zai taso daga ƙarshen duniya ya sauka a nan.

Mutanen dā ba su bar tafkin ba doka ba. Bisa ga al'adar Tema, babban mai kula da tafkin yakan rufe shi ga masunta waɗansu watanni na rani, sa'an nan a buɗe da biki, akwai kuma ranar da ba a jefa taru da safe. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka ake hana su a Matan Fada na Argungu sai ranar da aka buɗe, haka kuma sarkin ruwa yake yi a garuruwa da yawa. Baba ya ce yanzu gari ya cika da baƙi waɗanda ba su san dokar ba, waɗanda suka sani ma yunwa takan sa su manta.

Zobe a ƙafa

Da tsakar rana muka haye hanyar mota zuwa gaɓar teku, muka ci shinkafa da wake wadda suke kira wace, sunan kuwa daga waken Hausa ya fito. Biyu daga cikinmu ran nan suka fara ganin teku. A bakin rairayi akwai waɗansu 'yan fararen tsuntsaye masu gudu kamar an murɗa musu zare. Igiyar ruwa ta koma, su bi ta a guje suna tsinta. Ta dawo, su juyo a guje, ba ta taɓa su. Waɗansunsu daga Girinlan suke zuwa, tafiyar fiye da kilomita 7,000. An san haka ne domin an sa musu zobba masu launi a ƙafa a gaɓar Esiama, can yammacin Gana, aka kuma gan su a hanya cikin ƙasashen Turai.

Dā can mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba. Har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka a soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi. Daga nan hanya ta buɗe.

Zobban nan su ne suka tona wata ɓarna a wannan gaɓa. Akwai tsuntsayen teku farare masu wutsiya mai baki biyu, muka ce da su tsattsewar teku. Suna bin kwalekwalen masunta, suna faɗowa ruwa daga sama kamar kibiya. Iri ɗaya daga cikinsu, mai ɗan ja-ja a ƙirji, yana ƙwai a tsibiran Ailan da Ingila, ya zo Gana cin rani. Yawansa ya faɗi ƙwarai a shekarun 1970. Da aka bi sawun zobba, sai aka ga da yawa a hannun yaran bakin teku suke ƙarewa. Yaro ya ɗana tarkon zare a rairayi, ya sa ɗan kifi, tsuntsu ya sauko ya maƙale. Waɗansu don nama, waɗansu don wasa kawai. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara aikin ceton tsuntsayen gaɓa a Gana, wata masaniya 'yar ƙasar, Yaa Ntiamoa-Baidu, ta shugabance shi. Ba da bulala suka bi yaran ba. Ƙungiyoyi suka kafa a makarantu, suka nuna musu taswira, suka ba su madubi su duba da idonsu. A can Ailan kuma aka sa masu gadi a tsibirin Rokabil, kusa da Dablin, aka yi wa tsuntsayen 'yan akwatunan ƙwai. A 1989 ma'auratan da ke tsibirin ba su kai 200 ba. A 2018 sun haura 1,500. Tarko bai ƙare sarai ba, amma aikin nan da na can sun haɗu sun yi amfani.

Mu dai ba mu ga mai jan ƙirjin ba. Jagora ya ce wanda yake son ganinta ya zo a Satumba ko Oktoba, lokacin da ƙananan kifi suka cika gaɓa.

In ɗanku ya kawo tsuntsu mai zobe, kada ku tsorata, ba sihiri ba ne, ba kuwa kuɗi a ciki. Ku rubuta lambar da duk abin da ke jikin zoben, da ranar, da sunan garin, ku kai wa malamin gona ko ma'aikacin gandun daji. In tsuntsun yana da rai ku sake shi da zobensa. Amma in kun tarar da tsuntsayen ruwa sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada ku taɓa, kada ku ci, kada ku bar kaji ko agwagi su je wurin. Ku gaya wa malamin dabbobi nan da nan. Murar tsuntsaye ta shiga Nijeriya a 2006, ta shiga Gana a 2007, a wata gonar kaji kusa da Tema ɗin nan.

Yamma a bakin Densu

Bayan azahar muka shiga mota zuwa bakin kogin Densu, yamma da Ankara. Tafiyar ba nisa, amma cunkoson birni ya cinye mana fiye da sa'a biyu. A nan akwai manyan fakai inda ake tare ruwan teku rana ta busar da shi ya zama gishiri. Tsuntsaye suna son waɗannan fakai, gama ruwan bai da zurfi, mutane kuma ba su cika shiga ba.

Kusa da bakin kogin akwai itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. A nan matan ƙauyukan Tsokome da Bortiano suke tsintar kawa, wata halitta mai ɓawo biyu wadda ake dafawa a sayar. Da suka ga kawa tana ƙanƙancewa tana ƙarewa, sai suka haɗa kai suka yi ƙungiya. A 2017 suka fara rufe tsinta wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu, suna kuma dasa itatuwan nan inda aka sare. Su da kansu suke auna gishirin ruwa su rubuta. Ba don tsuntsu suka yi ba, don tukunyarsu suka yi. Amma a nan muka ga Mai Lauje ya fi yawa, yana yawo cikin saiwoyi ba mai korarsa. Muka tuna da Baba da katangun Sakumono. Nisan wuraren biyu bai kai tafiyar yini a ƙafa biyu ba, doka ɗaya ce kuma ta rufe su tun 1992. Nan ma gidaje suna matsowa, amma nan akwai waɗanda suka tsaya a bakin ruwan suka ce nasu ne.

A nan ne kuma muka ga wata tsuntsuwa da ta sa Yaya ya yi tsalle. 'Yar ƙarama ce mai farin ciki, tana tafiya tana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa. Ya ce, "Wannan ai ta fadamarmu ce! Kullum tana bakin rijiyar lambuna." Jagora ya ce irinta ce, daga Turai ko Rasha take zuwa, waɗansu su tsaya a ƙasar Hausa, waɗansu su wuce har teku. Ya san labarin fadamar Haɗeja da Nguru, inda agwagin daji da sauran baƙi dubu dubai suke sauka bayan sun ƙetare Hamada, gama ita ce kusan ruwan fari da suke tararwa. Ya san kuma yadda ambaliyar da ke cika ta ta ragu bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Muka ji kunya kaɗan, ɗan Gana yana ba mu labarin gidanmu.

Muka yi masa tambayar da kowane manomi zai yi: ba su ɓarna? Ya ce akwai iri ɗaya mai tsintar shinkafa a fadama, amma yawanci wadda ta zube bayan girbi yake bi. Sauran tsutsa da ƙwari da tana suke ci. Jan-baki mai cinye gero da dawa ɗan Afirka ne, ba shi da dangantaka da su. Mai harbin waɗannan don haushin wancan ya yi asarar harsashi.

Da rana ta yi ƙasa, hazo ya haɗiye ta tun ba ta taɓa ruwa ba. Sai tsattsewar teku suka fara dawowa daga kamun kifi, biyar biyar, goma goma, daga baya kuma layi bai yanke ba. Suka yi ta sauka bisa gaɓar fakan gishiri, kowace ta juya fuska wajen iska, ana ta hayaniya kamar kasuwa ta ci. Jagora ya daina magana, yana duba madubi yana motsa leɓe, mu muna riƙe masa tocila yana rubutu. Sauro ya taso mana. Da duhu ya hana ganin komai ya rufe littafi, ya ce irin da muka gani tun safe sun haura 40, fiye da rabi kuma baƙi ne, kafin ƙarshen Afrilu yawancinsu sun kama hanyar arewa.

Muna tafiya neman mota, Yaya ya matsa kusa da shi ya ce, "Malam, shin madubin nan nawa ne?" Da aka gaya masa, ya lissafa da kuɗinmu, ya ce ai wannan kuɗin tunkiya ce da 'ya'yanta biyu. Ya ce zai fara da idon da ya zo da shi, a bakin rijiyar lambu, sai dai a ba shi aron littafi da fensir.